Yawan jama'a ne ke kai mota ƙauye, ko kyan hanya?

Direba: Ana ta cewa da zarar an yi wa ƙauye hanya, motoci za su shigo da kansu. Ban yarda ba. Mota fasinja take bi. Bas mai kujera 18 ba ta tashi sai ta cika, kuma lissafinmu na zuwa da dawowa ne. Ƙauyen da mutum shida ke fita da safe, ko kwalta aka shimfiɗa masa sai dai babur, mota kuwa sai ranar kasuwa. Dawowa wayam ita ke cinye kuɗin mai.

Injiniya: Malam, mutum shidan nan su ne waɗanda tafiya ta zame wa dole. Sauran tsadar kuɗin mota ce ta zaunar da su, kuma lalacewar hanya ce ta jawo tsadar: mota na shan mai, taya da sifirin na ƙarewa, sawu uku ya koma ɗaya. Inda na yarda da kai shi ne batun kwalta. Hanyar da motocin da ke binta ba su kai 50 a rana ba, burji ya ishe ta. Ruwa ne ke kashe hanya. A yi mata doro, gangaren kashi 4 zuwa 6 cikin 100 daga tsakiya zuwa gefe, a tona lambatu hagu da dama, a fitar da ƙananan magudanai da za su karkatar da ruwan kafin ya yi ƙarfi. Sannan marmara mai kaurin santimita 15, a jiƙa, a danne da rola.

Mai safiyo: Ku biyun mutanen cikin gari kaɗai kuke ƙirgawa. Ma'aunin da Bankin Duniya ya fito da shi a 2006 yana duba mutanen karkara da ke cikin kilomita 2 daga hanyar da ake bi rani da damina, tafiyar kamar minti 25 a ƙafa. A zana wannan tazara a gefe biyu na hanyar, a haɗa da ƙananan ƙauyuka da rugage. Sau da yawa fasinjan da ke bakin hanya ne ke cika motar.

Direba: Injiniya, burjin nan damina biyu ya koma gargada da ramuka. Wa zai sa motarsa?

Injiniya: Wanda aka yi aka watsar ke nan. Marmara na zaizayewa santimita ɗaya zuwa biyu a shekara, fiye da haka a gangare, don haka sai gireda ta riƙa maido da doron, a ƙara marmara bayan 'yan shekaru. Da doron ya kwanta, ruwa zai bi sawun taya ya haƙa. Ga kwalbati: mai faɗin santimita 60 yashi da shara na toshe shi, ruwa ya haura ya yanke hanyar. Mai 90 mutum na iya shiga ya yashe, kuma kafin ruwan farko ake yi. A hanyar kilomita 12, wataƙila mita 300 ne ke hana wucewa, fadama ɗaya da mashigin rafi ɗaya. A fara da su. Rafin da ke tasowa ya janye cikin 'yan awanni ma ba sai gada ba, a zuba kankare a ƙasansa mota ta bi ta kai.

Ungozoma: Yallaɓai direba, akwai fasinjar da ba ta cikin lissafinka. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu, kuma wadda ta galabaita ba ta zama a babur sai da mai riƙe ta. Ko ƙauyen mutum 300 ne, dole mai ƙafa huɗu ta iya shiga da tsakar dare ana ruwa.

Direba: Hajiya, wannan ba musu, a gyara mashigin. Amma shiga daban, jigila kullum daban. In ana son mota a ƙaramin ƙauye, a tsayar da rana da lokaci, ƙauyuka uku ko huɗu na layi ɗaya su haɗa fasinja da kaya, direba ya san da lodin dawowa kafin ya tada mota.