Saka gargaɗi a ƙasan imel da sauya take a Postfix

Malam Sani: Salamu alaikum jama'a. Ana so duk imel ɗin da zai fita daga sabar ofis ya ɗauki gajeren gargaɗi a ƙasa, waɗanda suka shigo daga waje kuma a liƙa musu kalmar WAJE a take. Postfix ne, manhajar aikawa da karɓar imel, da Dovecot mai kula da akwatunan saƙo. Wace hanya ce ta fi?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Na take ba wuya, header_checks, dokokin da Postfix ke duba kan saƙo da su, da umarnin REPLACE na musanya layi ya isa. Sai dai ka ware wa mashiga ta 25, inda saƙonnin waje ke shigowa, nata cleanup (sashen da ke aiki da waɗannan dokoki) a fayil ɗin master.cf, in ba haka ba har saƙonnin ma'aikatanku za a liƙa wa. Ka gwada dokar da postmap -q kafin ka yi postfix reload.

Auwal: Hajiya, ni Sieve, harshen tace saƙonni, zan fi so a nan. A kunna editheader a Pigeonhole, wato Sieve na Dovecot, deleteheader ya cire tsohon take, addheader ya sa sabo. Lokacin jefa saƙo a akwati yake aiki, an riga an gama duba DKIM, wato sa hannun da sabar mai aikawa ke yi wa saƙo.

Malam Sani: To gargaɗin fa? body_checks, mai duba jikin saƙo, zai yi?

Malam Isyaku: Kada ma ka soma. Layi-layi yake karantawa, kuma ba ya warware base64, salon da ake yawan naɗe jikin saƙo da shi. Yi amfani da altermime, manhajar da ke ƙara rubutu a saƙo, ta content_filter a mashiga ta 587 da ma'aikata ke aika saƙo ta cikinta, a mayar da saƙon da sendmail -G -i. Fayil biyu za ka tanada, na zallar rubutu da na HTML, don yawancin saƙonni kashi biyu suke tafiya. In abu ya ci tura, script ɗin da ka rubuta don kiran altermime ya fita da lamba 75, Postfix zai ajiye saƙon ya sake gwadawa.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne DKIM. In OpenDKIM, manhajar sa hannun, ya sa hannu kafin a ƙara gargaɗin, bh=, wato lambar tantance jikin saƙo, ba zai dace ba, sai Gmail ya ƙi amincewa da sa hannun. Ka cire OpenDKIM daga smtpd_milters na 587, ka bar shi a non_smtpd_milters, wanda ke aiki kan saƙon da sendmail ya mayar, ya sa hannu bayan an gama taɓa saƙon.

Hajiya Binta: Kuma duk saƙon da yake multipart/signed, wato wanda mai aikawa da kansa ya sa wa hannu, a bar shi yadda yake, ko harafi ɗaya ka ƙara a cikin sashen da aka sa wa hannu ya ɓaci.

Auwal: Da Hausa za a rubuta gargaɗin? To a kula da ƙ, ɗ da ɓ. In tsarin haruffan saƙon ba UTF-8 ba ne, shirme za su fito wa mai karɓa.

Malam Sani: Da Hausa ne kuwa. Allah ya saka da alheri, bari in fara gwadawa da adireshi ɗaya.