Havlicek: Gwamnati ce ta kashe shi, ko tarin fuka?

Ɗalibar Tarihi: Jama'a, a raba mu gardama. Mutanen Cek na ɗaukar mawaƙinsu kuma ɗan jarida, Karel Havlicek, a matsayin wanda gwamnatin Ostiriya, mai mulkin ƙasarsu a lokacin, ta yi ajalinsa. Ni ban yarda ba. Tarin fuka ne ya kashe shi a 1856, yana da shekara 34.

Tsohon Edita: 'Yata, bi a sannu. An rufe masa jaridarsa Narodni noviny a 1850, ya koma garin Kutna Hora ya buɗe wata jaridar, Slovan. A 1851 aka kai shi kotu, kotu ta wanke shi. Duk da haka, a Disambar shekarar 'yan sanda suka ɗauke shi da dare sai Brixen, can cikin duwatsun Tirol. Ba shari'a, ba wa'adi. Wannan kuwa me sunansa?

Ɗalibar Tarihi: Zalunci ne, Baba, ban musa ba. Amma Brixen ba kurkuku ba ce. Gwamnati na biyansa alawus, ya kama gida, matarsa Julie da 'yarsu Zdenka suka je suka zauna da shi. Can ma ya rubuta fitattun waƙoƙinsa na zambo, har da wadda yake yi wa tafiyar tasa da 'yan sanda ba'a.

Mai Sauraro: To ai hutu suka ba shi ke nan 😂

Tsohon Edita: Kai yaro, hutu? Ka raba ɗan jarida da masu karatunsa, ka sa masa ido dare da rana, ka jefa shi cikin masu jin Jamusanci, sannan ka miƙa masa kuɗin cefane. Alawus ɗin ai takunkumi ne. Mutumin da ya je Mosko a 1843 cike da son Rashawa, ya ga mulkin Sarkinsu da idonsa, ya dawo ya faɗa wa 'yan uwansa gaskiya ko ba daɗi, shi za a ce ya ji daɗin zaman shiru?

Malamar Jinya: Baba, a yi mini afuwa. Matarsa ma, da ta riga shi barin Brixen, tarin fuka ne ya kashe ta a 1855, kafin ya iso gida. Cuta ce da ke bin mutanen gida ɗaya, kuma a zamanin ba ta da magani. Ko da yana Prague tana iya kama shi.

Tsohon Edita: Haka ne, Malama. Amma da ya dawo fa? An taƙaita masa zama a garin Nemecky Brod, ba aiki, tsofaffin abokai na kauce masa don tsoron mutanen Bach, ministan cikin gida na Ostiriya. Mai ciwon ƙirji ya haɗa da wannan baƙin ciki?

Ɗalibar Tarihi: To a ce sun kashe masa sana'a, wannan na sa hannu. Amma "sun kashe shi" sai an kawo mini hujja.

Mai Sauraro: Baba, ga ka ga fili.

Tsohon Edita: Sai bayan Magariba.