In ƙirƙiro tidy() nawa ko in ari na mutane?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina haɗa ɗan ƙunshi (package) na nazarin amfanin gona a harshen kwamfuta na R, kuma ina so ya samu tidy(), fankshin da ke shirya sakamakon nazari a tebur. In rubuta nawa ne, ko in jingina da na ƙunshin broom?

Ɗan Maraɗi: Wa alaikumus salam. Kada ki ƙirƙiro, ki ɗauko daga ƙunshin generics.

Bazazzage: Hajiya, ki ji maganarsa don Allah. Ni abin ya taɓa cina. Bara na rubuta fit() nawa da UseMethod("fit"), wato umarnin da ke zaɓo hanyar (method) da ta dace da ajin (class) abin da aka miƙa, ashe abokin aikina shi ma yana da fit() a nasa ƙunshin. Duk wanda aka loda daga baya sai ya danne na farko. Ina ganin fit.gona, hanyata ta aji mai suna gona, a rubuce da idona, amma R ta kafe wai babu hanyar da ta dace da wannan aji. Kwana uku ina zargin kwamfutata! Daga baya na gane hanyata tana rajista ne a ƙarƙashin fit() nawa, shi kuwa wanda ake kira na abokina ne, bai ma san da ita ba. Da muka goge namu, kowa ya ɗauko fit() daga generics ya sake fitar da shi, rigima ta mutu. Don wannan matsalar aka fitar da ƙunshin generics a 2018. Ba ya lissafin komai, sunaye kawai yake riƙe wa jama'a: tidy, glance, augment, fit. Broom kuwa zai jawo miki tarin ƙunsoshi da ba ki buƙata.

Maman Ilham: Kai, sannu Malam. To sunan hanyar fa?

Bazazzage: tidy.gona(x, ...). Ki bar x ɗin yadda yake, kuma kada ki manta ɗigo ukun, in ba haka ba R CMD check, umarnin da ke duba ingancin ƙunshi, zai yi miki ƙorafi.

Injiniya: Ku dawo harshen Julia ku huta. Muna da StatsAPI mai aiki irin na generics, kuma zaɓen hanya yana duba dukkan abin da aka miƙa, ba na farko kaɗai ba.

Ɗan Maraɗi: Injiniya, ku da ake yi wa gargaɗi kullum kan fashin nau'i? Mutum ya rubuta hanya a kan fankshin da ba nasa ba, da nau'in da ba nasa ba, ya ɓata wa kowa aiki.

Injiniya: Wannan ai laifin mai rubutu ne, ba na harshe ba.

Autan Zaure: Mu 'yan Python muna da singledispatch, namu salon zaɓen hanya, tun Python 3.4, ba wanda ya tambaye mu.

Yaya Babba: Tun R 3.6.0 ma za ki iya rubuta S3method(generics::tidy, gona) a fayil ɗin NAMESPACE, ki bar generics a Suggests, jerin ƙunsoshin da ba dole ba ne a samu.

Bazazzage: Yaya, ƙunshin da ba shi da nauyi, me zai sa ta wahalar da kanta? Ta sa shi a Imports kawai, jerin ƙunsoshin dole.

Maman Ilham: Na gode. To teburin da zai fito fa, dole ginshiƙan su zama term da estimate, ko zan iya sa musu sunan Hausa?

Injiniya: Ɗan Maraɗi, har yanzu ina jiran amsarka.