Tambaya kan ƙaramar kwalejin gwamnati da ke Morris a Amurka

Baban Halima, Agege:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsarin karatu a Amurka. 'Yata ta kammala sakandare a nan Legas da sakamako mai kyau a jarrabawar WAEC, kuma wani malaminta ya ba ta shawarar ta nemi gurbi a Jami'ar Minnesota reshen Morris. Ya ce ƙaramar makaranta ce ta gwamnati, wadda ɗalibi ke karanta kimiyya da adabi da tarihi da zamantakewa a haɗe kafin ya tsaya kan fanni guda. Burin yarinyar shi ne ta zama likita. Shin digirin irin wannan makaranta yana da daraja? Kuma tun da ta gwamnati ce, kuɗinta zai yi sauƙi kamar yadda jami'ar tarayya da ke Akoka ta fi jami'o'i masu zaman kansu sauƙi?

Malamin Sakandare, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Game da daraja, ka kwantar da hankalinka. Morris ɗaya ce daga cikin rassa biyar na Jami'ar Minnesota, sauran su ne na Twin Cities da Duluth da Crookston da Rochester, kuma digirin farko na shekara huɗu take bayarwa. An buɗe ta a matsayin kwaleji a shekarar 1960, amma harabarta ta girmi haka. Tun daga 1887 makarantar kwana ce ta 'ya'yan asalin mazauna ƙasar, sannan daga 1910 ta koma makarantar koyon aikin gona. Lokacin da gwamnatin tarayya ta miƙa wurin ga jihar Minnesota, ta gindaya sharaɗin cewa 'ya'yan waɗannan al'ummomi za su yi karatu a can ba tare da biyan kuɗin makaranta ba, kuma har yau ana cika wannan alkawari.

Bambancinta da abin da muka saba shi ne tsarin karatun. A nan gida, yaro yana zaɓen fanni tun lokacin da yake cike fom ɗin JAMB, yana da shekara goma sha shida ko sha bakwai, kuma idan ya shiga sashe, fita daga cikinsa ba ƙaramin aiki ba ne. A can kuwa, yana iya shafe shekara ta farko, har ma wani ɓangare na ta biyu, yana ɗaukar darussa daga sassa daban-daban, yana rubutu da yawa, yana muhawara a aji, kafin ya bayyana fannin da zai ƙware a kai. Saboda ɗaliban ba su da yawa kuma makarantar ta mayar da hankali kan masu digirin farko, farfesa da kansa ne ke shiga aji, ya san sunan ɗalibi, wani lokaci ma ya sa shi cikin binciken da yake gudanarwa. A ganina wannan ne babban abin da iyaye ke biyan kuɗi dominsa, domin na ga yara masu hazaƙa da suka ɓace a cikin ajin da ɗaruruwan ɗalibai ke cunkushe, babu wanda ya lura da su.

Hajiya Mai Shago, Obalende:

Alhaji, bayanin Malam daidai ne, amma akwai abubuwa biyu da ya kamata a faɗa maka ƙarara, tun da likitanci yarinyar ke so. Na farko, a Amurka ba a shiga karatun likitanci kai-tsaye daga sakandare. Sai an gama digirin farko na shekara huɗu, an rubuta jarrabawar shiga makarantar likitanci da ake kira MCAT, sannan a nemi makarantar likitanci, a ƙara wasu shekaru huɗu, bayan su kuma ga shekarun horo a asibiti. Morris za ta iya shirya ta da ilimin halittu da na sinadarai, amma ba za ta ba ta shaidar likita ba, kuma yawancin makarantun likitanci na can ko dai ba sa karɓar baƙi ko kuma kaɗan suke ɗauka. A nan gida, idan ta samu gurbi a kwalejin likitanci da ke Idi-Araba, shekara shida ne a tsari.

Na biyu shi ne kuɗi. Kasancewar makaranta ta gwamnati ba ya nufin za ta yi wa baƙo rangwame, domin jiha ce ke tallafa mata da harajin mazaunanta, kuma a yawancin irin waɗannan makarantu ɗan jihar ne ke samun sauƙi. Tallafin gwamnatin tarayyar Amurka ma ba ya shafar ɗalibin da ya shigo da bizar karatu. Kafin makarantar ta ba da takardar I-20, wadda da ita ake neman biza, dole ne ka nuna shaidar kuɗin aƙalla shekara guda, na karatu da masauki da abinci, duk a dala. Ka lissafa shekaru huɗu gaba ɗaya da farashin dala na yanzu, ba shekarar farko kaɗai ba.

Wani Ɗan'uwa, Mile 12:

Baba, a duba rayuwar wurin ma. Morris ƙaramin gari ne mai mutane kimanin 5,000 a yankin gonaki na yammacin Minnesota, tafiyar kusan awa uku a mota daga birnin Minneapolis, birnin da Musulmi 'yan Somaliya suke da yawa, da masallatai da shagunan naman halal. Lokacin hunturu ma'aunin zafi yana sauka ƙasa da sifiri sosai, ga dusar ƙanƙara ta watanni. Yarinyar da ta tashi cikin hayaniyar Agege za ta ji kaɗaici da farko, don haka a tambayi ofishin ɗalibai baƙi batun abinci da wurin salla tun kafin a biya komai.

Baban Halima, Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bayanin Hajiya ya sa zan sake zama da yarinyar, mu tantance ko likitancin ne lallai, ko kuwa kimiyya ce take so gaba ɗaya. Malam, ina za mu samu shawara sahihiya a nan Legas ba tare da mun bi ta hannun dillalai ba?

Malamin Sakandare, Idi-Araba:

Ku nemi masu ba da shawara na EducationUSA, shirin da ke ƙarƙashin ƙaramin ofishin jakadancin Amurka a Legas, ku kuma rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na Morris kai-tsaye, ku tambayi tallafin da suke bai wa baƙi. Duk da haka, ta rubuta JAMB a bana.