Kebul yana ta yanke mana wuta a ramin kwal, na'urar gwaji ta mega kuma ta ce lafiya lau

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu aikin lantarki. Kwana tara ke nan abu ɗaya ya hana ni sakat.

Muna da kebul mai sulke, tsawonsa mita 600, yana kai volt 1,000 zuwa famfon da ke kwashe ruwa a ƙasan rami. Na'urar da ke lura da yoyon wuta zuwa ƙasa tana yanke layin sau uku ko huɗu a yini, galibi bayan famfon ya yi kamar minti ashirin yana aiki. Da kebul ɗin ya huce sai a mayar da wuta, ya karɓa kamar ba shi ba.

Na kashe, na kulle, na raba famfon da kebul ɗin. Famfon ba shi da laifi. Na auna kowace jijiya ta cikin kebul ɗin da mega, na'urar da ke gwada ko rufin waya yana yoyon wuta, duka ukun sun haura megaom 100, wato lafiya lau. Na sauya na'urar kariyar, na buɗe mahaɗai biyu na busar da su, abin bai canja ba. Na'urar TDR kuwa, mai aika sigina cikin kebul don gano inda ya lalace, mahaɗan da ƙarshen layin kawai ta nuna mini. Zargina danshi ne ya shiga wani ɗan tsagi da sai kebul ɗin ya yi zafi yake buɗewa.

Wani ya ce a harba masa babbar wuta har wurin ya yi ƙara. Inda ake da iskar metan mai saurin kama wuta? Ban yarda ba, tartsatsi ɗaya ya isa.

Wace hanya ce ba ta haifar da tartsatsi za ta nuna mini daidai wurin da yoyon yake, ba tare da an janyo kebul ɗin duka zuwa sama ba? Na gode.