Wa aka taɓa yi wa gwajin taurin hanta na MRE?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ɗauke da ciwon hanta na hepatitis B, likitan da ke dubana a Indiya ya rubuta mini MRE maimakon a soka allura a ɗebo tsokar hanta. Wanda aka taɓa yi wa, don Allah ya ba mu labari.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. A Alƙahira aka yi mini. Injin MRI ne dai da ka sani, sai dai ana ɗaura maka wani faifai a haƙarƙarin dama, iska na bugunsa ta bututu sau 60 a daƙiƙa. Babu zafi, kamar waya ce ke kaɗawa a jikinka. Za a ce ka fitar da numfashi ka riƙe kamar daƙiƙa 15. Kuma ka je ciki ba komai, aƙalla awa huɗu, don abinci na iya ɗaga sakamakon.

Mai Ɗaukar Hoto: Hajiya ta faɗi daidai. Ni aikina ke nan, kuma wahalar tana farawa ne bayan majinyaci ya tafi. Girgizar nan tana ratsa hanta igiya-igiya, inda nama ya taurara sai tazarar igiyoyin ta buɗe. Kwamfuta ce ke lissafa wannan ta mai da shi taswira mai launi, ja tauri, shuɗi laushi. Inda ba ta gamsu da lissafin ba sai ta rufe wurin da layuka. Sannan mu zana iyakar da za a auna da hannu, mu kauce wa bakin hanta da manyan jijiyoyi, da jan ƙarya da ke fitowa daidai ƙarƙashin faifan. Mai gaggawa ya haɗa da wannan jan, sai ya tsorata mutum a banza. A ma'aunin tauri da ake kira kPa, ƙasa da 2.5 lafiya ce, sama da 5 ana zargin hanta ta ƙeƙashe. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1995 su Richard Ehman na Mayo Clinic a Amurka suka fito da ita.

'Yar Katsina: Nawa bai karantu ba. Sikila gare ni, ƙarin jini ya tara mini sinadarin ƙarfe a hanta, hoton ya fito baƙi ƙirin, taswirar duk layuka. Sai da aka sauya salon ɗaukar sannan aka samu lamba. Masu yawan ƙarin jini ku faɗa musu tun kafin ku biya kuɗi.

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara sauƙi, 'yar uwa. Amma malam ka tayar mini da hankali, wani gwajin taurin hanta da aka yi mini, FibroScan, 6 ya nuna.

Mai Ɗaukar Hoto: Kwantar da hankalinka, ma'aunin ba ɗaya ba ne, lambar FibroScan takan ninka ta MRE kusan sau uku. In an gama, ka nemi su ba ka hotunan duka a faifan CD, har da mai layukan, ba takardar sakamako kaɗai ba.