Kuɗin da aka kama a hannun ƙanena a Amurka: ina da hurumin shiga shari'ar?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Jami'ai sun karɓe tsabar kuɗi daga hannun ƙanena a wani filin jirgin sama na Amurka saboda bai bayyana su ba, alhali sun haura dala 10,000. Rabinsu nawa ne. Shin zan iya ƙalubalantar gwamnati da kaina?

Baban Amira: Wa alaikumus salam, Malam. Amsar ta dogara ne da yadda kuɗin suka shiga hannunsa. Idan bashi ka ba shi, sun zama nasa, kuma kotunan can ba sa ba mai bin bashin da ba shi da jingina hurumi a kan kuɗin da aka kama. Idan kuwa saƙo ne ko ajiya, kai ne mamallaki, shi ma yana iya shiga, muddin ya faɗi sunan mai dukiyar.

Hajiya Lauya: Haka ne, amma ku kula da wa'adi, domin a nan mutane suka fi yin asara. A ƙarƙashin dokar CAFRA ta 2000, wato dokar Amurka da ta tsara yadda gwamnati ke ƙwace dukiyar da aka kama, takardar sanarwar da gwamnati ke aikowa tana ɗauke da ranar ƙarshe ta shigar da da'awar mallakar kuɗin, wadda ba ta gaza kwana 35 daga ranar aikawa ba. Da'awar a rubuce take, bisa rantsuwa, sannan gwamnati tana da kwana 90 ta shigar da ƙara ko ta mayar da kuɗin.

Mai Tambaya: Saƙo ne, Hajiya, na sayen kayan gyaran mota. Ina da rasidin canji.

Hajiya Lauya: Ka adana shi tare da saƙonninku na waya, ka nemi lauya a can tun yanzu.